Tambayi Mai Wuta: Kejin da ke gefen taransifoma ne ke ƙona mana kaya?

Duk shekara ruwan farko na sauka wasiƙu ke taruwa a gabana, kusan dukkansu da kuka ɗaya: kaya sun ƙone. Na zaɓi uku a wannan makon. Ta farkon za ta ci mana wuri, sauran masu tambaya ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ina da injin casar shinkafa a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Muna da taransifomarmu ta kanmu mai KVA 500, tana sauke wuta daga bolt 11,000 zuwa 415. Waɗanda suka kafa mana injinan sun ajiye wani akwatin ƙarfe mai huji-huji kamar kejin kaji a gefenta, suka bi da wayar nutural ta cikinsa kafin ta shiga ƙasa. Shekara biyu muna aiki lafiya lau. Daga ruwan farko na bana zuwa yau mun rasa inbata biyu masu sarrafa gudun moto, da allon injin tantance shinkafa, da sikelin lantarki, da ƙwayayen fitilar ofis, da ƙananan na'urorin kare tsawa da ke cikin fanel. Manyan moto kuwa ko ɗaya bai yi tari ba. Mai gyaran wutarmu ya ce wuta ce ke zuwa da ƙarfi daga kamfani. Wani kuma ya ce kejin nan ne mugun, a cire shi a ɗaure nutural da ƙasa kai tsaye kamar na kowa. Akwai wata jar fitila da ta daɗe a kunne a fanel, ƙahon da ke tare da ita kuma yara sun zare masa waya saboda ƙara. Wanne zan bi? Daga wani mai casar shinkafa, Jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, wannan asara ba ƙarama ba ce. Amma ina tsoron masu ba ka shawara sun bar jaki suna dukan taiki. Amsarka tana cikin layi biyu na ƙarshen wasiƙarka, wato jar fitilar nan da ƙahon da aka rufe wa baki, masu sanar da cewa wata waya mai wuta ta taɓa jikin inji ko ƙasa.

Bari mu fara da kejin. Sunansa rizistar nutural. In ka leƙa ta hujin za ka ga faranti-farantin ƙarfe ko waya a nannaɗe, ba wani asiri a ciki. Aikinsa ɗaya ne: idan fes guda, wato ɗaya daga wayoyi ukun da ke ɗauke da wuta, ya taɓa jikin inji ko ƙasa, ya taƙaita wutar da za ta bi ta wannan hanya. Taransifoma irin taka tana ɗaukar kusan amfiya 695 in an cika mata kaya. Idan nutural ɗinta a ɗaure yake da ƙasa kai tsaye, fes ya taɓa ƙarfe kusa da ita, wutar da za ta zubo na iya haura amfiya 13,000 a ƙiftawar ido. Ita ce ke narka tagulla, ta fasa ƙofar fanel, a wurin da buntu ke yawo a iska kuwa ta tayar da gobara. Da rizista a tsakani, abin da aka fi saitawa a irin wannan tsari shi ne amfiya 5 zuwa 10. Lissafin ba wuya: bolt 240 a raba da om 48, amfiya 5 ke nan. Duba ɗan allon da ke manne a jikin kejin, za ka ga an rubuta nasa adadin. Saboda wutar kaɗan ce, bireka ba ta faɗuwa, inji bai tsayawa, shinkafar da ke cikin tukunyar turarawa ko na'urar busarwa ba ta lalacewa a tsakiyar aiki. Abin da aka saya maka ke nan da kuɗinka.

To amma akwai sharaɗi, kuma da alama ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku.

Ɗauki murhu mai duwatsu uku. Duwatsun su ne fes uku, ja da rawaya da shuɗi. Tsakiyar murhun, inda gindin tukunya ke fuskanta, shi ne nutural. Daga tsakiya zuwa kowane dutse taki 240 ne, daga dutse zuwa dutse kuma 415. A ranar da komai ke lafiya, ƙasa tana zaune a tsakiyar murhu, don haka kowane fes yana nesa da ita da 240. Ranar da jan fes ya taɓa jikin inji, a tsari mai rizista, murhun bai rushe ba, duwatsun suna nan yadda suke. Ƙasa ce ta tashi daga tsakiya ta je ta zauna a kan jan dutse. Daga inda take zaune yanzu, rawaya da shuɗi sun koma nesa da ita da 415, nutural kuma da 240. Ninki 1.73 ke nan na abin da aka saba, kuma haka za a zauna dare da rana har sai an gano inda fes ɗin ya taɓa an gyara.

Yanzu sake karanta jerin kayan da ka rasa. Babban moto mai fes uku ba ruwansa da ƙasa, shi tazarar dutse zuwa dutse kawai ya sani, ita kuwa ba ta motsa ba. Shi ya sa ko tari bai yi ba. Waɗanda suka mutu duk masu ƙafa ɗaya a kan fes ne, ɗaya a ƙasa. Na'urorin kare tsawa da aka fi sayarwa a kasuwa, duba jikinsu, yawanci 275 aka rubuta. An yi su ne su haɗiye bugun tsawa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ka ɗora musu 415 na kwana da kwanaki, sai su yi ta zafi har su baƙe. Inbata ma a cikinta akwai 'yan kafasito da irin waɗannan masu kare tsawa da aka haɗa da jikinta. Da yawa daga masu ƙera ta suna rubutawa ƙarara a littafin da ke zuwa cikin kwali cewa in za a sa ta a tsarin da nutural ke bi ta babbar rizista, a kwance wani ɗan noti ko biyu don a raba waɗannan da ƙasa. Littafin nan na san inda yake ƙarewa, ko a ƙunsa ƙosai da shi ko yara su yi jirgi.

Fitilun ofis da sikeli kuwa, ina da zargi, kuma ina so ka je ka gani da idonka. A irin wannan tsari ba a fito da nutural don a raba wa soket da ƙwai. Dokar wayarin ta Amurka, inda aka daɗe ana wannan tsari a masana'antu, ta hana a ɗora kayan fes ɗaya a kan nutural mai babbar rizista. To mai gyara ya zo zai ja wuta zuwa ofis, ya buɗe fanel bai ga nutural ba, me zai yi? Sai ya ɗauki fes ɗaya, ɗaya wayar ya ɗaure ta a jikin fanel ko a sandar atin da aka kafa a ƙasa. Ƙwai ya kama, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Ƙananan ƙwayayen zamani ba sa jan wuta sosai, shi ya sa shekara biyu ba a gane ba. Tambayi yaran ofis: in an jona butar shayi ko dutsen guga, fitila na dusashewa, butar kuma ta ƙi tafasa da wuri? In sun ce e, to wutar ofis ɗinka ta cikin kejin take komawa gida. Ranar da wani fes ya taɓa ƙasa, waɗannan ƙwayayen da sikelin suka sha 415.

In kuma daga kan nutural ɗin taransifomar ya jawo, sama da rizista, ƙwan zai ci gaba da ganin 240 ɗinsa, amma baƙar wayar da kowa ya ɗauka ba ta da haɗari tana ɗauke da 240 tsakaninta da ƙasa. Wannan ya fi ba ni tsoro, don wancan kaya yake ci, wannan mutum.

Maganar cewa wutar kamfani ce, mita za ta raba gardama cikin minti biyar, gani ya kori ji. A sa wanda ya san aiki, da safar hannu da takalmin roba, ya auna abu bakwai yana rubutawa: ja da rawaya, rawaya da shuɗi, shuɗi da ja, sannan kowane fes da ƙasa, sannan nutural da ƙasa. In daga sama wutar ta yi yawa, ukun farko ne za su haura 415 gaba ɗayansu. In ukun farko suna daidai, amma a awon ƙasa ɗaya ya faɗi kusa da sifiri, biyu sun tashi wajen 415, nutural kuma na nuna kusan 240, to ɓarawon a cikin gida yake. Wani lokaci ba ya kai haka, ka ga 90 da 330 da 350, alamar taɓawar ba ta gama kamawa ba, ta cikin danshi ko datti take bi.

Neman wurin shi ne aikin haƙuri. Hanya mafi sauƙi, a sa mita tsakanin nutural da ƙasa, a riƙa sauke bireka ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka sauke mitar ta faɗi, layinta ne. Wasu fanel ɗin suna da wani maɓalli da ke sa wutar rizista ta riƙa hawa da sauka kamar numfashi, misali daga amfiya 5 zuwa 10. In naka na da shi, ba sai an tsayar da aiki ba: a rungume wayoyin fes uku tare da mitar kilam, mai baki kamar awartaki da ke auna amfiya, ban da wayar atin. Layi mai lafiya allura ba ta motsi, mai ciwo za ka ga tana rawa. A bi shi reshe-reshe har inda rawar ta ɓace. Daga nan a kashe, a kulle, a sa mega, na'urar gwada lafiyar rigar waya.

Na taɓa kwana biyu ina wannan farauta a wani injin shinkafa a ƙasar Haɗeja. Da rana tsaka komai lafiya, fitilar ta mutu, mai wurin har ya fara kallona kamar na zo cin kuɗinsa. Da asuba ta dawo. A rana ta biyu na bi layin har bayan tankin jiƙa shanshera, inda wani ƙaramin famfo yake. Murfin akwatin wayoyinsa noti ɗaya ya rage, robar bakin ta tsage. Da na buɗe, buntu ne cike taf, ya dunƙule kamar tuwon jiya, da sanyi a hannu. Na kankare da tsinke, sai ga wani siririn baƙin layi kamar an ja da gawayi, daga kan notin shuɗin fes zuwa jikin ƙarfe. Raɓa ta sauka buntu ya jiƙe wuta ta bi, rana ta take ya bushe ta tsaya. A gefe guda kuma ga ƙwarangwal ɗin ƙadangare, shi ma ya zo neman ɗumi. Sai bango ya tsage ai yake samun wurin shiga. Gyaran bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba, abin da ya riga ya ƙone kuwa ba a magana. Don haka fara da wuraren ruwa da tururi, da wayoyin da ke kwance a rami inda gafiya ke kai-komo.

Kada ka bar wannan ya kwana, ga dalili. Rizista taɓawar farko kawai take iya riƙewa. In ja yana ƙasa a bayan tanki, gobe rawaya ya taɓa a wani moton, wutar ba za ta bi ta keji ba sam. Fes da fes ne suka haɗu ta jikin injina, da dukkan ƙarfin taransifoma. Kuma tunda sauran fes biyun suna shan 415 tsakaninsu da ƙasa, rigar wayoyinsu na gajiya, taɓawa ta biyu ba ta da nisa. Kejin kansa, muddin fitilar nan na kunne, yana cin wat 1,200, kamar dutsen guga da aka manta a jone. A share buntun da ke kewaye da shi yau, kuma kada kowa ya sa hannu. Amfiya 5 kaɗan ce a wurin ƙarfe, a jikin ɗan Adam kuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya tsayar da zuciya.

Bayan an gano ciwon, ga gyaran dindindin. A sayi ƙaramar taransifoma ta musamman don ofis, soket, sikeli, kwamfuta da allunan sarrafa inji, a auna girmanta da kayan da za ta ɗauka. Ɓangaren shigarta ya zama haɗin delta, waya uku ba nutural. Ɓangaren fitarta ya zama haɗin sita, mai nutural a tsakiya, a ɗaure sabon nutural ɗinta da ƙasa kai tsaye, a sa mata bireka mai jin yoyon wuta. Ita ta kafa nata murhun, duk abin da ya faru a babban gida ba ya ƙetarowa. A nan ne ake yawan yin kuskure, don haka ka tsaya a kan mai aikin. Sitabilaiza ba ta maye gurbinta, domin yawancinsu naɗi ɗaya ne, shiga da fita a haɗe suke. Haka kuma kada a kawo mai haɗin sita a ɓangaren shiga a ɗaure tsakiyarta da ƙasa. Yin haka buɗe wa wuta wata ƙofa ce ta bayan keji, musamman in ɗaya ɓangaren delta ne. Ranar da fes ya taɓa ƙasa sai ta ɗauki aikin da ba nata ba, ta yi zafi ta ƙone. Na'urorin kare tsawa na babban fanel a sauya su da masu jure 440 ko sama. Sababbin inbata a karanta littafinsu kafin a jona.

A duba janareta ma. Yawanci daga masana'anta nutural ɗinsa a ɗaure yake da jikinsa. In an haɗa shi da na taransifoma a cenjoba ba tare da ana yanke shi ba, an tsallake rizistar ke nan ba a sani ba. In an kashe komai an tabbatar ba wuta, a auna tsakanin nutural da ƙasa. Ya kamata a ga adadin da ke jikin keji. In aka ga kusan sifiri, wani ya yi gada a wani wuri. In mita ta nuna a buɗe, rizistar ta tsinke ko ɓarayin tagulla sun ziyarce ka, kuma wannan ya fi duka muni, don murhun ba shi da maɗauri ko kaɗan, taɓawa mai tartsatsi na iya cilla wutar ninki da yawa.

A cire kejin? Ni dai ban ba da wannan shawara ba, a wurin da ke cike da buntu. Amma gaskiya ɗaya ce: tsarin nan na masu amsa kira ne. In ka san ba ka da wanda zai tashi ya bi layi duk lokacin da ƙaho ya yi kuka, to a saita rile ɗin, wato na'urar da ke kunna ƙahon, ya ba da 'yan sa'o'i sannan ya sauke wutar da kansa. In kuma ka dage sai an koma tsarin kowa da kowa, aiki ne na injiniya mai lasisin hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki, wanda zai sake lissafin bireka da kaurin wayar atin tun daga tushe. Ba guntun waya ake ɗaurawa a tafi ba. Wayar ƙahon nan dai a mayar da ita kafin sallar la'asar.

TAMBAYA: Baba, ni manomin rani ne a yankin Auyo. Bayan wata iska da aka yi, layi ɗaya a garinmu na kawo wuta cikakkiya, biyu kuma haf karan. Na kunna famfona mai fes uku, ya yi ta gurnani bai juya ba, kafin in ankara ya yi hayaƙi. Taransifomar ce ta lalace?

AMSA: Sannu ɗana, Allah ya sa kaffara ce. Da wuya a ce ita ce. Ɗaga kai ka dubi saman falwayar da take kai, akwai fis uku a jere kamar sanduna. Ina kyautata zaton ɗaya ya faɗo yana lilo. Taransifomomin garuruwanmu delta ne a sama, sita a ƙasa. In fis ɗaya ya yanke a sama, naɗi ɗaya ne ke samun cikakkiyar wuta, sauran biyun su raba tsakaninsu. Shi ya sa layi ɗaya ke ba da 240, biyu kuma wajen 120, ɗaya ya ɗan fi ɗaya gwargwadon kayan da ke kansu. Moto mai fes uku in ya samu irin wannan ba ya iya tashi, sai ya tsaya yana zuƙar wuta ninki-ninki har naɗinsa ya dahu. Duk ranar da ka ji gurnani ba juyi, kashe nan take, kada ka ce bari ya ɗan yi zafi. In an sake naɗa maka shi, sa a haɗa maka rile mai lura da ɓacewar fes a jikin sitata, kuɗinsa bai kai na naɗi ɗaya ba. Fis ɗin kuwa na ma'aikatan kamfanin rarraba wuta ne. Na san akwai samarin da ke mayar da shi da gora, wasu har su sa wayar tagulla mai kauri don kada ya sake yankewa. Wannan wayar ce ke sa in matsala ta zo, taransifomar ta ƙone a madadin fis, gari ya shiga karo-karo.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Daren jiya fitilunmu suka yi haske kamar rana, talabijin da cajar waya suka ƙone, maƙwabtanmu kuwa nasu ƙwan ja ya yi kamar garwashi. A kan taransifoma ɗaya muke. Ta yaya haka?

AMSA: Malama, sannunku da jaje. Naku nutural ne ya tsinke ko ya saki, ko dai a gindin taransifoma ko a kan wata falwaya kafin unguwarku. In ya tsinke, gidanku da ke kan fes ɗaya da na maƙwabta da ke kan wani sai su zama a jere, su raba 415 tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne. Gidan da ya jona kaya masu nauyi, irin su hita da dutsen guga, shi ke samun kaɗan. Gidan da ƙwai da talabijin kawai ke kunne shi ke kwasar mai yawa. Kun ga ke nan rashin kayanku ne ya ja muku. Da zarar kin ga ƙwai ya yi wani irin fari fat alhali na maƙwabta ya dushe, a ruga a sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, cire filogi ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne. A sanar da mai unguwa a kai rahoto, kuma in ma'aikata sun zo a roƙe su su duba har wayar da ke gangarowa daga taransifoma zuwa ƙasa, don ita ɓarayi suka fi yanka. Kafin a gyara kada kowa ya mayar da wuta, ko da ta yi kamar ta daidaita, domin maƙwabcinki na jona hita za ta sake juyewa.

Alhajin Kura, in an yi awon nan bakwai a turo min lambobin yadda suke, da abin da aka rubuta a jikin kejin.